Asalin Kyamarar Tsaro: Amsa Ga Mai Sauraro Daga Babura

Wani ɗan kasuwa mai sauraronmu daga Babura ya aiko da wasiƙa, ya ce sau biyu ana fasa masa shagon hatsi, yaransa kuma sun matsa masa ya sayi kyamarar nan ta CCTV. Yana son jin asalinta, kuma wai shin tana kama ɓarawo?

To Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ita dai wannan na'ura ba don ɓarayi aka fara ta ba. A 1942, lokacin yaƙin Hitila, Jamusawa suna gwajin makamin roka mai suna V-2, ba mai iya tsayawa kusa da shi in zai tashi. Sai kamfanin Siemens ya kafa kyamara, aka ja waya zuwa wani ɗaki can nesa, injiniyoyi suna kallo a akwatin talabijin.

Nan ta sha bamban da gidan talabijin, wanda ke watsa hoto duk mai eriya ya kama. Ita hotonta waya yake bi zuwa akwatinka kai kaɗai, kamar ruwan da mai noman rani ya janyo da tiyo zuwa fadamarsa.

A 1968 garin Olean na Amurka ya kafa su a babban titin kasuwarsa. Sai dai na farkon ba sa ajiye komai, dole a sa mutum ya zura wa akwati ido, in ya yi gyangyaɗi shi ke nan. Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1970 ne ya sa ake iya komawa a ga abin da ya faru jiya. Na yanzu suna da ƙaramar na'urar ajiya, wadda in ta cika sai ta goge tsohon hoto ta ɗora sabo. Wato in ba ka lura da ɓatan buhu ba sai bayan wata guda, wataƙila shaidar ta tafi.

Mu ma a nan gida mun gani. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, wadda ta haɗa da kafa kyamarori a Abuja da Legas. Akasarinsu suka zama kwalliyar titi, har sai da Majalisar Wakilai ta yi bincike.

Saboda haka Alhaji, gani take yi, ba ta kamu, kuma wanda ya naɗe fuska da rawani ya gama da ita. Ni a ganina kada ka sallami mai gadinka. In za ka saya, fara tanadin sola da batir, don ɓarawo ba ya jiran a kawo wuta. Na'urar ajiyar kuma ka ɓoye ta inda kai kaɗai ka sani, domin masu wayon cikinsu da ita suke fara yin gaba.