Namiji ko Mace? Tarihin Laifin da Aka Ɗora wa Mata

A shekarar 1533 Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas na Ingila, ta haifi 'ya mace, alhali sarki magaji namiji yake nema ido rufe. Bayan shekara uku aka fille mata kai bisa zargin cin amana, amma masana tarihi da dama suna ganin rashin ɗa namiji na cikin abin da ya ja mata. 'Yar da aka raina, Elizabeth, ita ce ta mulki Ingila shekara 44.

Tun kafin wannan sarki mutane ke ta kirdadon abin da ke sa a haifi namiji ko mace. Anaxagoras, wani masanin Girka, cewa ya yi namiji daga marainan dama yake fitowa, mace daga na hagu. Sai a 1677 Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya ga ƙwayoyin maniyyi suna iyo ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. A 1905 kuma Nettie Stevens, Ba'amurkiya mai nazarin ƙwari, ta nuna cewa a wajen uba bambancin yake. Ƙwan mace kullum alamar X yake ɗauke da ita, ƙwayar maniyyi ce ke zuwa da X, a sami mace, ko Y, a sami namiji.

Daga nan sai aka koma neman dabara. A littafinsa na 1970, likita Landrum Shettles ya ce ƙwayar Y ta fi sauri amma ba ta daɗewa, ta X kuwa ta fi juriya. Saboda haka, wai mai son namiji ya sadu da iyalinsa ranar fitar ƙwai. Ma'aurata da yawa sun bi shi. Amma binciken Allen Wilcox da abokansa na 1995, a kan mata 221 a Amurka, ya nuna cewa saduwar kwana biyar kafin fitar ƙwai tana iya kawo ciki, don maniyyi yakan rayu har tsawon haka, sai dai ranar saduwa ba ta zaɓar jinsi. A duniya akan haifi maza wajen 105 a kan kowaɗanne mata 100.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, taka naka ka hango na wani. Har yau akwai gidajen da ake yi wa mace gori, ko kishiya, ko saki, don ta jera 'ya'ya mata. Ɗan'uwa marubuci, idan irin wannan maigida ya shigo labarinka, ka tuna cewa ƙwayar da ta yanke hukunci daga jikinsa ta fito, kuma shi ma ba shi ya zaɓe ta ba.