Ina Lugude Ya Tahi?

Hutun damanar bara na koma gida Baudeta, na bi ƙannena gona. Mu biyar ne muke noman hatsi, amma ba ka jin komi sai ƙarar hauya. Kowa ya toshe kunnuwansa da wayar salula, wani na jin Hamisu Breaker, wani Nura M. Inuwa, ni kuma ina jin tsohon kiɗan Sa'adu Bori. Da muka zauna shan hura sai kakana ya dube mu ya ce: "Ku dai ƴan yanzu, kuna aiki kamar masu zaman makoki." Maganar ta tsaya mini a rai, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A zamaninsu, in ji shi, wanda gona ta fi ƙarfinsa gayya yake kira. Samarin gari su fito da hauyoyinsu, mai gona ya tanadi hura da tuwo, makaɗa su biyo su da gangar noma. Makaɗi na bayan manomi yana yi masa kirari da sunan ubansa da kakansa, ƴan mata na kallo daga bakin gona, to wa zai yarda a bar shi baya? Amon gangar ne ke daidaita saran hauya, hannu ashirin su sauka lokaci guda. A ƙasar Maradi har akwai bikin dubu: manomin da ya tara damin hatsi dubu shi ake naɗawa Sarkin Noma, kuma ba a yin wannan biki ba makaɗa. Daga wancan gefen iyaka Ɗan Anace, da aka fi sani da waƙar ƴan dambe, shi ma ya yi wa manoma waƙa.

Mata kuwa ba su jiran makaɗi. Mai niƙa a kan dutse tana waƙarta ita kaɗai, ta yi wa kishiya habaici, ta tuna gidansu. In an zo daka, mata biyu ko uku su haɗu a turmi ɗaya, su jefa taɓarya sama, su tafa, su cafe. Wannan shi ne lugude. Kakata ta ce tun daga nesa ana gane gidan da ake daka da salon lugudensu.

Abin ya fara sauyawa da shigowar rediyo da kaset. Zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, matasa na aikin gayya a garuruwa, suna kuma kai kiɗa da wasan kwaikwayo gasar matasa ta ƙasa. Muryar Sahel na watsa waƙoƙinsu har ƙauye. Ana cikin haka ƙungiyoyin kiɗan zamani suka yawaita, da jita da ganguna irin na Turawa. A Maradi Sa'adu Bori ya ɗauko kiɗan bori ya zuba shi cikin jita. A 1994 aka fitar da faifan Niamey Twice a Ingila, rabi nasa, rabi na Musa Pusi. A 1995 Yakuba Mumuni ya kafa Mamar Kassey a Yamai, daga baya Tal National ta biyo, faifanta Kaani ya fito a 2013.

Ni a shagon kawuna tela a Tasawa na san waɗannan muryoyi. Yana da tsohuwar rediyo mai kaset, an ɗaure murfinta da roba. In sallah ta matso, ɗinki har asuba, Shata na fita Sa'adu Bori na shiga, in mata suka zo karɓar kaya a sa musu Barmani Coge. Kaset ya harɗe, a nemo biro a juya shi. Kowa a shagon abu guda yake ji, a yi gardama a kansa, a yi dariya. Shata ya rasu a 1999 tun ba a haife ni ba, Sa'adu Bori a haɗarin mota a 2008, Barmani a 2013, amma har yau in na ji su sai warin man keken ɗinki ya dawo mini.

To ku duba hwa. Kakanninmu su suke yin kiɗan aikinsu da hannunsu da bakinsu. Iyayenmu sun daina yi, amma suna ji tare. Mu kowa da nasa a kunne. Ban ce laifin salula ba ne ita kaɗai. Injin niƙa ya kwantar da dutsen niƙa, garmar shanu da ƙodago sun rage gayya, samari da yawa sun tahi cin rani Nijeriya, Libiya da Aljeriya. Kuma wallahi ba zan so uwata ta koma durƙuso kan dutse don in ji waƙa ba.

Abin da ke damuna, ni mai karatun ilimin harsuna, shi ne kalmomin. Waƙar Sa'adu Bori tana nan a intanet, ba za ta ɓace ba. Waƙar niƙan kakata kuwa ba a taɓa ɗaukarta a kaset ba, tana cikin kanta kawai, da habaicinta da kalmomin da ban same su a ƙamus ba. Na tambayi ƙanwata ƴar shekara goma mene ne lugude, ta ce ko sunan abinci ne.

Kafin in dawo makaranta na zaunar da kakata, na ɗauki waƙa huɗu a wannan salular da kakana ke zagi. Ta uku ta manta rabinta, sai da maƙwabciyarta ta ƙarasa mata. Ƴan uwana ɗalibai, hutu mai zuwa kowa ya je wa tsohuwar gidansu da waya mai caji, ya rubuta sunan gari da ranar da ya ɗauka, mu haɗa su a fitowa ta gaba.