Ranar Hutu da Warkar da Marasa Lafiya

'Yan'uwa cikin Almasihu, wannan kalma ta jubili da muke biki da ita daga Attaura ta fito. A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ilawa su bar gona ta huta kowace shekara ta bakwai, a shekara ta 50 kuma a saki bayi, kowa ya koma gonar gadonsa. Uwar waɗannan dokoki ita ce dokar Asabar. Ya kamata mu san tarihinta, gama har yau akwai masu tambaya ko ma'aikacin asibiti da aiki ya hana shi zuwa sujada ran Lahadi ya yi zunubi.

Sa'ad da Musa ya maimaita dokar, ya faɗi dalilinta. Isra'ilawa sun yi bauta a Masar, sun san zafin aikin da ba hutu. Saboda haka aka ce bara da baiwa da baƙo su huta, har sa da jaki. Doka ce ta jinƙai tun daga tushe.

Daga baya aka tsananta ta. Wajen shekara 167 kafin haihuwar Almasihu, sarki Antiyokas ya tsananta wa Yahudawa. Sojojinsa suka fāɗa wa waɗansu ran Asabar, su kuwa suka ƙi ɗaga hannu, aka kashe wajen mutum 1,000. Sauran suka yi shawara, suka ce daga yau za mu kāre ranmu ko ran Asabar ne. Malamansu kuma suka lissafta iri 39 na aikin da aka hana, amma suka yarda a ceci wanda yake bakin mutuwa. Gardamar da ta rage ita ce ta ciwon da zai iya jira har gobe.

A nan Ubangijinmu Yesu ya yanke magana. Luka sura 13 ta ba da labarin mace da ta yi shekara 18 a tanƙware. Yahaya sura 5 ta ba da na mutum da ya yi shekara 38 yana kwance. Ba wanda zai mutu a cikinsu in an bar shi kwana ɗaya, duk da haka Yesu ya warkar da su ran Asabar. Da shugaban majami'a ya yi fushi saboda macen, Yesu ya tuna masa da cewa shi ma yakan kwance jakinsa ran nan ya kai shi ruwa. To, wanda ya kwance dabba, ta yaya zai hana a kwance mutum? Yesu bai rushe dokar ba, ya mayar da ita kan dalilinta na fari.

Masu bi na farko sukan taru ran Lahadi, ranar tashinsa daga matattu. A shekara ta 321 sarkin Rum Kustantin ya sa alƙalai da masu sana'a su huta ran nan, amma ya bar manoma su yi aiki, gama lokacin shuka ba ya jira. Wajen 370 kuma Basil, shugaban ikilisiyar Kaisariya, ya gina gidan jiyya inda ake lura da matalauta da kutare.

Wannan gado ya iso ƙasarmu ta Nijar. Mishan na SIM ya zauna Damagaram a 1924, ya kai Tsibiri a 1928. Aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jiyyar kutare na Danja kusa da Maraɗi a 1956. Gyambon kuturu bai san Lahadi ba, naƙuda ma haka. Yau kuturta tana warkewa da haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, amma sai da mai ba da magani da mai wanke ciwo.

Saboda haka kada mu hukunta ɗan'uwan da yake tsaye kan majiyyaci sa'ad da muke waƙa a ɗakin sujada. Mu yi masa addu'a, mu kai masa Maganar da ya rasa, shugabanninsa kuma su ba shi wata rana ya huta, gama shi ma dokar ta shafe shi. Mai gida kuwa da ya zo sujada ya bar ɗan ƙwadago a gona, ko yarinya a bakin turmi tun asuba, shi ya kamata ya binciki zuciyarsa. Allah ya ba mu hutunsa, ya sa mu zama masu hutar da waɗansu. Amin.