Tambayi Kaka Tun Tana Da Rai

Yau hirar tamu a kan asali ce, kuma abin da ya jawo ta wani abu ne da ya faru a danginmu wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Mu mutanen karkarar arewacin Kano ne, wajen Dambatta, inda gona ke manne da gona, kafin ki fita daga wannan ƙauye kin hango rimin na gaba. Muna da zauren dangi a WhatsApp kamar yadda kusan kowane gida yake da shi yanzu, ana sanar da biki da suna da rasuwa. Ran nan aka sanar da sa ranar wata ƙanwata da wani ɗan uwanmu na nesa, ana ta barka da fatan alheri. Can da dare sai ga saƙon murya daga wata gwaggonmu da aure ya kai ta wajen Minjibir, jikarta ce ta riƙe mata wayar. Ta ce a dakata, ai yaran nan nono ɗaya suka sha, ita ta shayar da yarinyar lokacin da uwarta ke kwance ba lafiya, shi kuma yaron ta ba shi nono tun yana jariri a wani zaman jego. Aka bincika, wata tsohuwar ta tabbatar, malamai suka ce babu aure, don shan nono yana haramta abin da jini ke haramtawa. An sha kuka, amma ki duba da Gwaggo ta rasu kafin wannan rana fa? Babu takardar da aka rubuta wannan magana a ciki, a ƙirjinta kawai take.

Tun daga nan na shiga tambayar asalin gidanmu, sai na tarar tarihin da aka rubuta na sarakuna ne da mayaƙa. Littafin tarihin Kano da Bature Palmer ya fassara a 1908 ya jero sarakuna tun daga Bagauda. An rubuta yadda Fulani suka ci Kano a 1807, da yadda Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya yaƙi Ɗan Tunku a ƙasar Dambatta har Ɗan Tunku ya koma ya zauna a Kazaure, da yadda sarautar Sarkin Bai ta zauna a gidan Dambazawa. To amma wa ya rubuta sunan matar da ta goya ɗanta ta gudu daga wancan yaƙi? Namiji yana zaune a gidan ubansa ana ƙirga kakanninsa har bakwai, mace kuwa aure ya ɗauke ta zuwa wani gari, bayan jikoki biyu sai a ce ai wata ce daga gabas. Ga kuma kunya irin tamu, mace ba ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari, har jika ya girma bai san sunan yanka na kakarsa ba, Inna kawai ya sani.

Kada ki raina abin da tsohuwa ta riƙe a ka. Akwai wata dattijuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda wata Baturiya Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zariya tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Littafin ya fito a 1954, kuma har yau masana a jami'o'in duniya da shi suke sanin yadda matan Hausawa suka rayu kafin zuwan Turawa, aure da kishi da ƙawance da harin kamun bayi. Baba ba ta yi boko ba. Irinta suna nan a ɗakunan gidajenmu, muna wuce su da kwanon tuwo ba mu taɓa zama mun tambaye su ba.

Dalilin da ya sa zauren waya yake da amfani gare mu shi ne danginmu sun daɗe da warwatsuwa. Ƙasarmu mutane sun yi mata yawa, gona ana raba ta gado bayan gado har ta koma ɗan fegi, dole wasu su tashi. Tun kafin Turawa fatake suna zuwa Gwanja sayen goro, wasu suka zauna a zangunan Kumasi ba su dawo ba. Agalawa da Tokarawa da ke zaune a ƙauyukan Bichi da kewaye sun yi suna a wannan fatauci, shi kansa Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955 Ba'agale ne. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 mutane da yawa sun yi hijira gabas, wasu kuma sun tafi Makka a ƙasa suka tsaya a Sudan, jikokinsu suna can har yau a garuruwa irin su Mai Wurno suna jin Hausa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanyar kudu ta buɗe, 'yan cin rani suka kwarara Ikko da Ibadan. A da in ɗan uwa ya yi irin wannan nisa shi ke nan, sai labari. Yanzu kuwa a zaurukan Facebook na garuruwa za ki ga mutum daga Sudan ko Gana yana cewa kakansa daga gari kaza ya fito, ko akwai wanda ya san gidan?

Ga yadda na yi, ko wata za ta ɗauka. Na je gida na zauna da kakata bayan la'asar, na kunna ɗaukar murya a waya bayan na nemi izininta. Ban ce mata a wace shekara aka haife ki ba, don ba da lamba suke ƙirga ba. Cewa na yi, Kaka lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kano kina ina? Ta ce tana talla ba a yi mata aure ba, kin ga 1956 ke nan. Ta haifi babana shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, autanta kuma shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, shekarar babban fari. Uwarta kuwa ta sha ba ta labarin yunwar 'Yar Buhu ta 1927. Da haka na samu shekarun mutum kusan ashirin. Sai na tura muryar a zaure, wannan ta gyara suna, wancan ya ƙara gari, wani kawunmu ya ɗauko hoton tsohon rasit na harajin kakanmu, irin wanda ake biya kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Na kuma lura da tsagar fuskar tsofaffi da wasan taubasantaka, don in kin ga tsohuwa tana tsokanar Fulani duk inda ta gan su, tambaye ta ko akwai Barebari a bayanta.

Sai dai 'yar uwa a yi hattara, zaure kasuwa ce. Na farko, ba duk abin da aka turo ne gaskiya ba. Kowane gida yana son a ce daga sarauta ya fito ko daga sharifai, wani zai kwafo dogon jerin sunaye daga wani zaure ya liƙa wa gidanku. Abin da tsofaffi biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa iri ɗaya, shi nake rubutawa, sauran in sa masa alama. Na biyu, tonon asali yana tono abin da ke ƙona zuciya. Ƙasar nan an yi bauta, akwai rinjoji, Turawa sun 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na 1901, ba a kuma soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Akwai gidajen da kakanninsu Maguzawa ne suka musulunta. Wannan ba abin kunya ba ne, amma kin san bakin kishiya da na dangin miji, magana ɗaya da aka tura zauren da ba na gida ba tana iya zama gori ga yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba, har ta rasa miji. Abin da Kaka ta faɗa miki a kunne, bar shi a kunne. Na uku, maganar iyakar gona da gado kada a yanke ta a waya, a bar wa manya da alƙali.

Kuma kada ki dogara da wayar ita kaɗai, tana faɗawa ruwa, ana sace ta, zauren ma wani ya yi fushi ya watsa shi. Ki sayi littafi mai bango mai kauri, ki rubuta sunan yanka da laƙabi, da uwa da uba, da garin da aka auro kowace mace, da wanda ya sha nonon wa. Ki ajiye shi cikin akwatin kayanki inda kike ajiye abin da kike ji da shi.

Kakata ta rasu wata bakwai bayan hirarmu, Allah ya jiƙanta. Muryarta tana nan, ranar da na kunna wa 'yata sai ta ce, Umma ashe sunan Kaka na ci? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to wayar tana rage nisa ne kawai, sai kin taka kin je kin durƙusa gaban tsohuwa. In kina da ita a raye, kada ki bari sai an gama aikin damina.

Allah ya bar zumunci, ya jiƙan magabatanmu, amin.