Fargo: Yadda jama'ar birni suka tare ambaliyar kogin Red River

A ranar 28 ga watan Maris na shekarar 2009, kogin Red River da ke arewacin Amurka ya cika ya kai tsayin ƙafa 40.84, watau kusan mita 12 da rabi, a birnin Fargo na jihar Dakota ta Arewa.

Tun da aka fara ajiye lissafin cikar kogin ba a taɓa ganin ya kai haka ba. Amma duk da haka ruwan bai ci birnin ba.

Abin da ya tsaya tsakanin kogin da gidajen mutane kusan dubu 100 shi ne ganuwar yumɓu da miliyoyin buhunan yashi, waɗanda mazauna birnin da maƙwabtansu suka cika kuma suka jera da hannunsu cikin kimanin mako guda.

Wannan aikin gayya dai ya sa sunan Fargo ya shiga jerin misalan da ake bayarwa idan ana maganar yadda jama'a ke kare garinsu daga ambaliya.

Kogin da ke gudu arewa

Kogin Red River ya faro ne daga inda ƙananan koguna biyu, Bois de Sioux da Otter Tail, suka haɗu a garuruwan Wahpeton da Breckenridge.

Daga nan ya zama iyaka tsakanin jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota, ya ratsa tsakanin Fargo da birnin Moorhead da ke tsallake, ya wuce Grand Forks, sa'annan ya shiga ƙasar Kanada ya zuba a tafkin Winnipeg. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 885.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sa kogin ke yawan ambaliya.

Na farko, ƙasar da yake bi shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti. Wurin a da can gindin wani makeken tafki ne da masana ke kira Agassiz, wanda ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Daga mafarin kogin zuwa ƙarshensa gangaren bai wuce mita 70 ba, watau kimanin santimita 8 a kowace kilomita. Saboda haka ruwan a hankali yake tafiya, kuma da zarar ya haura gaɓa babu tudun da zai tare shi.

Na biyu, kogin daga kudu yake gudu zuwa arewa. A ƙarshen hunturu dusar ƙanƙara takan fara narkewa ne a kudu, alhali a arewa kogin na nan a daskare. Ruwan da ya taso sai ya tarar da ƙanƙara ta toshe masa hanya, ya taru ya yi baya.

Na uku, ƙasar yumɓu ce da ba ta shan ruwa da sauri, balle kuma a lokacin da sanyi ya daskarar da ita.

A ma'aunin da ake amfani da shi a Fargo, ana cewa ambaliya ta fara idan ruwa ya kai ƙafa 18, kuma ta zama babba idan ya kai ƙafa 30.

Darasin 1997

Tarihin yankin cike yake da ambaliya. A shekarar 1897 kogin ya yi babbar ambaliya a Fargo. A 1950 kuma ya mamaye sassan birnin Winnipeg na Kanada, inda aka kwashe mutane kimanin dubu 100.

Amma wadda ta fi zama a zukatan mutanen yankin ita ce ta 1997.

A hunturun da ya gabace ta, dusar ƙanƙarar da ta zuba a Fargo ta kusa mita uku. Da ta narke a watan Afrilu, kogin ya kai ƙafa 39.72 a birnin, amma jingar da aka yi ta riƙe.

Birnin Grand Forks da ke arewa da Fargo bai yi wannan sa'a ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ta yi kiyasin cewa ruwan zai tsaya a ƙafa 49, kuma a kan wannan lissafi jama'a suka ɗaga ganuwarsu. Sai ruwan ya kai ƙafa 54.35.

An kwashe mutane kimanin dubu 50 daga Grand Forks da kuma kusan ɗaukacin mazauna East Grand Forks da ke tsallaken kogi. Ana cikin haka gobara ta tashi a tsakiyar birnin, ta ƙone gine-gine 11, domin motocin kashe gobara sun kasa ratsa ruwan.

An kiyasta asarar da aka yi a yankin baki ɗaya a kan dala biliyan uku da rabi.

Jami'in da ya jagoranci aikin kare Fargo a wannan shekara shi ne Dennis Walaker, wanda a lokacin babban ma'aikaci ne a sashen ayyuka na birnin. A 2006 jama'a suka zaɓe shi magajin gari.

Mako guda a watan Maris

Alamun ambaliyar 2009 sun fara bayyana tun a kakar 2008, lokacin da aka tafka ruwan sama har ƙasa ta ƙoshi. Sanyi ya zo ya daskarar da ita a jiƙe, dusar ƙanƙara mai yawa ta zuba a kanta, sa'annan a watan Maris aka sami ɗumi da ruwan sama a lokaci guda.

Cikin kimanin mako guda kogin ya ƙaru da sama da ƙafa 20.

Hasashen masana ya yi ta sauyawa. Da farko an ce ruwan ba zai wuce ƙafa 40 ba, daga baya aka ce 41, sa'annan a ranar 26 ga wata aka yi gargaɗin cewa zai iya kaiwa ƙafa 43.

Duk lokacin da aka ƙara adadin, sai jama'a su koma kan ganuwar da suka riga suka gama, su ƙara mata tsayi.

Hukumomin birnin sun yi kira ga duk mai ƙarfi a jika da ya fito. An rufe makarantun sakandare da jami'o'i, ciki har da Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa, domin ɗalibai su shiga aikin. Shaguna da ofisoshi da dama sun sallami ma'aikatansu. Motocin safa sun yi ta kawo 'yan sa-kai daga wasu garuruwa da jihohi, har da mutanen Grand Forks da ba su manta da abin da ya same su ba.

An mayar da babban zauren wasanni na Fargodome wurin cika buhuna dare da rana. A wata cibiyar kuma an kafa injunan da jama'a suka laƙaba wa suna gizo-gizo, saboda kowanne na da bututu da yawa da ke zuba yashi a buhuna goma sha biyu a lokaci guda.

Kafin ruwan ya kai ƙololuwarsa an cika buhuna sama da miliyan uku.

Yadda ake jera buhu

Aikin yana da ƙa'idojinsa.

Ba a cika buhu maƙil. Akan zuba yashi ne zuwa rabi ko ɗan sama da haka, domin buhun ya kwanta ya toshe duk wata kafa. Kowanne yakan kai nauyin kilo 16 zuwa 18.

Mutane sukan yi dogon layi daga bakin titi, inda mota ta sauke kaya, har zuwa bayan gidaje a bakin kogi, suna miƙa buhu daga hannu zuwa hannu.

Ana jera buhunan ne kamar ginin bulo, kowanne ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, a tattake shi da ƙafa. Dole gindin ganuwar ya fi tsayinta faɗi sosai, kuma akan rufa mata leda ta ɓangaren ruwa.

Sanyi ya ƙara wahalar da aikin. A tsakiyar makon guguwar dusar ƙanƙara ta taso, hanyoyi suka yi santsi. Buhun da yashinsa ya daskare kuwa kamar dutse yake, ba ya kwanciya, don haka sai da aka riƙa ajiye buhuna a rumbunan da ake ɗumamawa. 'Yan sanda ne ke yi wa motocin da ke ɗauke da su rakiya domin kada cunkoso ya tsayar da su.

A wuraren da ke da fili, rundunar injiniyoyin sojan Amurka da 'yan kwangila sun yi jinga da yumɓu. An kuma yi amfani da manyan kwandunan waya da ake cikawa da yashi, irin waɗanda sojoji suka riƙa kare sansanoninsu da su a Iraƙi da Afganistan.

Bayan ganuwa ta farko an gina ta biyu a wasu unguwanni, ko da ta farkon za ta karye. Wannan ya bar wasu gidaje a tsakanin ganuwa biyu, lamarin da ya tayar da hankalin masu su.

A fice ko a tsaya

Shugaba Barack Obama ya ayyana jihar a matsayin wadda bala'i ya afka wa, aka kuma tura dakarun tsaron ƙasa domin sintiri a kan ganuwar.

Da hasashen ya yi muni, jami'an gwamnatin tarayya sun matsa wa hukumomin birnin da su kwashe jama'a gaba ɗaya.

Magajin gari Walaker ya ƙi. Hujjarsa ita ce idan mutane suka fice, babu wanda zai lura da inda ruwa ke yoyo, babu mai kula da injunan zuƙe ruwa, kuma birnin zai tafi.

An dai kwashe marasa lafiya daga asibiti da tsofaffi daga gidajen kula da su, da kuma wasu unguwannin da ganuwarsu ta tsage. A Moorhead an nemi mazauna wani babban sashe na birnin da su fice. A ƙauyukan da ke kudu, jiragen ruwa da masu saukar ungulu ne suka ceto waɗanda ruwa ya yi wa ƙawanya.

Waɗanda suka rage sun raba kwana a tsakaninsu, suna zagaya ganuwar unguwarsu da tocila.

Sanyin da ya wahalar da masu aikin shi ne kuma ya taimake su, domin ya dakatar da narkewar ƙanƙara. Kogin ya tsaya a ƙafa 40.84, ƙasa da abin da aka ji tsoro.

Kashegari da asuba ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashin katangar da ke kare makarantar Oak Grove, ya shiga wasu gine-ginenta. Jiragen sama masu saukar ungulu suka riƙa jefa manyan buhuna har aka toshe wurin.

An yi asarar gidaje a bakin kogi da kuma karkara, amma tsakiyar Fargo da akasarin unguwanninta sun tsira.

Neman mafita mai ɗorewa

Kogin ya sake tasowa a 2010, inda ya kusa ƙafa 37, da kuma 2011, inda ya kai ƙafa 38.81. A 2011 tun watan Fabrairu aka fara cika buhuna.

A 2013 kuwa an cika sama da buhu miliyan guda, sai ruwan ya tsaya a kimanin ƙafa 33, aka bar akasarinsu ba a taɓa ba.

Shekara uku a jere ana wannan fama ya sa jama'a da shugabanninsu suka amince cewa ba za a dogara da aikin gayya har abada ba.

'Yan watanni bayan ambaliyar 2009, masu jefa ƙuri'a a Fargo sun amince da gagarumin rinjaye a ƙara haraji a kan kayan da ake saye domin ayyukan kare birnin. Gundumar Cass ta bi sahu a 2010.

Da wannan kuɗi da tallafin gwamnati aka sayi ɗaruruwan gidajen da ke bakin kogi aka rushe, aka gina jinga da katanga na dindindin a gurbinsu.

Akwai misalai biyu a kusa. Bayan ambaliyar 1950, gwamnatin lardin Manitoba ƙarƙashin Duff Roblin ta haƙa wata hanyar ruwa mai tsawon kilomita 47 da ke kewaye Winnipeg, aka kammala ta a 1968. Ita ce ta ceci birnin a 1997. Shi ma Grand Forks ya gina ganuwar da ta ci sama da dala miliyan 400, kuma ambaliyar 2009 ba ta yi masa wata babbar illa ba.

Fargo da Moorhead sun zaɓi bin hanyar Winnipeg. Shirin nasu ya ƙunshi haƙa hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 48 ta yammacin birnin, da jinga a kudu mai ƙofofin da za su riƙe ruwa idan kogin ya cika. An kiyasta kuɗin aikin a kan sama da dala biliyan uku.

Majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin a 2014, shekarar da Walaker ya rasu yana kan kujerar magajin gari.

Sai dai shirin ya gamu da adawa daga manoma da ƙananan garuruwan da ke kudu, waɗanda suka ce za a tara ruwa a gonakinsu da maƙabartunsu domin a ceci birni. Gundumomin Richland da Wilkin sun kai ƙara kotu, kuma a 2016 jihar Minnesota ta ƙi ba da izini.

Bayan an yi wa shirin kwaskwarima, Minnesota ta ba da izinin a 2018, sa'annan a 2020 aka cim ma yarjejeniyar biyan diyya da masu ƙarar.

An fara haƙa hanyar ruwan a 2022, kuma jadawalin da hukumar aikin ta fitar ya sanya shekarar 2027 a matsayin lokacin da za ta fara aiki.