Lokacin da Kia ta shiga hurumin Jamusawa

A shekarar 1944 aka kafa Kia a ƙasar Koriya, tana ƙera bututun ƙarfe da sassan kekuna. Ko da ta koma yin motoci, sunan da ta yi na araha ne. Rikicin tattalin arzikin Asiya na 1997 ya durƙusar da ita, Hyundai ta saye ta a 1998. Shekaru da dama bayan haka, wanda ya sayi Rio ko Picanto ba don gudu ko alfarma ya saya ba, sai don aljihunsa ya huta.

Fagen motocin alfarma masu ƙofa huɗu da ke gudu kamar na tsere kuwa, tuntuni BMW da Mercedes da Audi suka kafa tuta a cikinsa. Kia ba ta tsaya kwaikwayo daga nesa ba, ta ɗauko 'yan gidan. A 2006 ta ɗauki Peter Schreyer, wanda ya yi suna da zanen Audi TT, ya zama shugaban masu tsara fasalin motocinta. A 2015 kuma Albert Biermann, wanda ya shafe fiye da shekara 30 a BMW har ya zama babban injiniyan sashenta na motocin gudu, ya koma rukunin Hyundai da Kia.

An nuna samfurin gwaji mai suna GT a baje kolin Frankfurt na 2011, amma sai a Janairun 2017 aka gabatar da Stinger a Detroit. Abin da ya bambanta ta da 'yan uwanta yana ƙarƙashinta: ƙafafun baya ne ke tura motar, na gaba su ji da juya akala kawai. Wannan rabon aiki shi ke sa mota ta zauna daram a kwana, kuma a kansa BMW ta gina martabarta. Babban injinta mai silinda 6 da lita 3.3 yana ba da ƙarfin doki 365, yana kai ta gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. An gwada ta a Nürburgring, filin da Jamusawan kansu ke auna motocinsu.

Masu sharhin motoci sun yaba, kuma yabon bai wuce kima ba. Sai dai mai sayen irin wannan mota yana biyan kuɗin tambarin da ke gabanta kamar yadda yake biyan na injin, kuma nan ne Kia ba ta da abin nunawa. Ga shi ta iso a makare, lokacin da hankalin masu saye ya karkata ga manyan motoci masu tudu.

A 2023 aka daina ƙera Stinger, bayan an yi mata bankwana da wasu guda 1,000 na musamman. Matsayinta na motar Kia mafi saurin kaiwa gudun kilomita 100 ya riga ya koma hannun EV6 GT, mai aiki da lantarki.