Ƙullin da Ya Cije: Nazari kan Igiyar Jan Mota a Maamobi da Nima

A Maamobi da Nima, cikin birnin Akra, ba kasafai ake kiran babbar motar ja ba idan mota ta mutu. Lungunan matsattsu ne, kuɗin kiranta kuma ya fi ƙarfin direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ko na tasi da bai gama haɗa kuɗin mai mota na ranar ba. Dokar hanya ta Gana ta 2012, wato L.I. 2180, ta tanadi harajin jan mota na dole, amma da aka zo aiwatar da shi a 2017 jama'a suka yi ca, gwamnati ta janye. Aikin sai ya ci gaba da zama a hannun direbobi da yaran mota da makanikai, makaminsu kuwa igiyar nailan mai faɗi kamar bel, irin wadda ake samu a wurin masu kayan mota na Abossey Okai. Idan ƙugiyarta ta karye ko ɗinkin bakinta ya farke, sai a ƙulla. Bayan an ja motar, ƙullin ya cije, ya ƙi kwantuwa. Wannan nazari ya duba dalilin cijewar da hanyar warware ta.

Asalin matsalar tana cikin halin zaren. Wallace Carothers ne ya samar da nailan a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, kuma abin da ya sa ya dace da jan mota shi ne miƙewa: yana iya ƙara kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na tsawonsa kafin ya tsinke, don haka yana shanye fizgar da za ta iya karya ƙarfe. To, zare idan ya miƙe sirancewa yake yi. A lokacin da igiya ke ɗauke da nauyin motar Sprinter mai tan 3.5, kowane sashe nata da ke cikin ƙullin yana sirancewa, madaukan suna tsukewa su cike gurbin. Da an saki jan, zaren na neman komawa kaurinsa na asali, amma babu wurin komawa. Sai ya kumbura a cikin ƙullin, ya matse kansa da kansa.

Abu na biyu gogayya ce. Tun ƙarni na 18 Leonhard Euler ya nuna cewa riƙon igiyar da aka naɗa a jikin abu ninkuwa yake yi da kowane zagaye, ba ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba. Idan aka ɗauki ma'aunin gogayya 0.3, zagaye ɗaya yana ninka riƙo fiye da sau 6, zagaye biyu fiye da sau 40. Wannan lissafi shi ke bayyana abin da ake gani a bakin gareji: ƙato biyu su kama wutsiyar igiya su yi ta ja, ƙullin ko gezau. Ƙarfinsu yana ƙarewa tun a lanƙwasa ta farko, ɗan abin da ya shiga ciki kuma ƙara tsuke shi yake yi. Igiya mai faɗi ta fi mai zagaye taurin kai a nan, domin fuska ce ke kwanciya a kan fuska.

Yanayin wurin ma yana da hannu. Yawancin jan da ake yi da fizga a damina ne, musamman watan Yuni, lokacin da babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi ke cika, taya na nutsewa cikin caɓi. Yashi ya shiga saƙar igiyar, ya ƙara mata kaushi. Nailan kuma yana shan ruwa, idan ya bushe a rana ya ɗan takure ya yi tauri. Ƙullin da aka jefa bayan mota da laka a jikinsa aka bar shi kwana da kwanaki ya fi wanda aka tunkara nan take wuya nesa ba kusa ba.

Tun da matsi ne ciwon, maganin shi ne samar da sarari a cikin ƙullin, ko da na kaurin farce ne. Da farko a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulu na ɗan lokaci. Ɗumin da ruwan suna tausasa zaren, sabulun yana rage gogayya ya fitar da yashin. Sai a ɗora shi kan katako a riƙa bugunsa da gudumar roba ko ta itace, ana juya shi ta kowane gefe. Bugun yana baje ƙullin a wata fuska, juyawar ta sake baje shi a wata, har madaukan su fara motsi a kan junansu. Daga nan a nemi madaukin da ya fi fitowa waje, a lanƙwasa shi baya kamar mai karya rake a gwiwa, a murɗa wutsiyar igiyar don ta yi tauri, a tura ta cikin ƙullin maimakon a ja ta waje. Idan ƙofa ta buɗe, a zura ƙarfe mai santsi mara tsini tsakanin fuska da fuska, a yi ta kaɗa shi a hankali. Matuƙan jiragen ruwa suna da irin wannan ƙarfe tun da daɗewa, littafin Clifford Ashley na 1944 kan ƙulle-ƙulle ya kawo shi cikin kayan aikinsu. Aiki ne na haƙuri, wani lokaci sai an maimaita jiƙon da bugun sau da yawa.

Akwai dabarun gareji da ya kamata a guje musu. Gudumar ƙarfe a kan siminti tana yanke zare a ɓoye. Sukundireba mai kaifi yana huda saƙa. Baƙin mai yana sa santsi, amma yana kama ƙura ya mayar da igiyar abin goge kanta. Gasa ƙulli a wuta ya fi duka muni, domin nailan yana narkewa a wajen digiri 220 zuwa 260, kuma yana rauni tun kafin ya kai nan. Ruwan batir kuwa, wanda ba ya rabuwa da bayan motar haya, cinye nailan yake yi.

A ganina, tambayar da ta fi ta kwancewa muhimmanci ita ce ko igiyar ta cancanci komawa aiki. Ƙulli yana iya rage ƙarfin igiya har kusan rabi, domin a lanƙwasa zaren waje ne ke ɗaukar nauyi, na ciki yana hutawa, ga shi jiƙaƙƙen nailan yana rasa wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinsa. Idan aka kwance aka tarar wurin yana ƙyalli, ya yi tauri ko ya yi gashi, zafin gogayya ya riga ya ƙona shi. Igiyar da ta tsinke tana miƙe kuma da gudu take dawowa, a titin da ba ya rabuwa da yara da masu talla.

Don kauce wa cijewa tun farko, mai son haɗa igiya biyu ya zura bakin ɗaya cikin na ɗaya, ya sa naɗaɗɗen tsumma ko guntun itace a tsakani don kada su cije. Wadda bakinta ya farke, ko aka tarar ta ƙone a wurin ƙulli, a bar ta ga ɗaurin kayan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kada a sake jan mota da ita.